AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Ina Zan Sami Mai Gyara Mana Ruwan Sha A Ƙasar Zuru?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga wani ƙauye kusa da Dabai a ƙaramar hukumar Zuru, jihar Kebbi, ya aiko yana cewa famfon tuƙa-tuƙan ƙauyensu ya lalace, mata sun koma ɗiban ruwan rafi, yara kuwa sai gudawa. Ina za su sami mai gyara, kuma yaya za su tsabtace ruwa kafin nan?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka, Allah ya ba yaran lafiya. Bari mu fara da abin da ba ya jira, wato ruwan da za a sha yau.

Idan ruwan ya yi gurɓi, a zuba masa ɗan alif ko dakakken ƙwayar zogale, a bar shi ya kwanta, sa'an nan a tace da tsumma mai tsabta. Amma fa a lura, alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Saboda haka sai an tafasa, a bar shi yana ɓararraka aƙalla minti ɗaya. In itace ya yi wuya, a nemi maganin ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs a kemis, a bi awon da aka rubuta a jiki, a jira minti 30 kafin a sha. Randa kuma a rufe ta, a keɓe mata moɗa guda. Kada a raina wannan, domin a shekarar 2021 cutar kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya. Yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti.

Batun famfo kuwa, sau da yawa ba rijiyar ce ta ƙafe ba. Yawancin famfunan ƙauyukanmu samfurin India Mark ne ko Afridev, kuma abin da kan mutu a cikinsu robar da ke tsotso ruwa ce, ko sarƙa, ko sanda ta tsinke. Gyara ne na yini guda in an dace da gwani.

Sai ku je sakatariyar ƙaramar hukuma a Zuru, ku nemi sashen ruwa da tsabtar muhalli, ku tambayi makanikan famfo da suka sani. Na ƙasar Fakai su nufi Mahuta, na Danko/Wasagu su je Ribah, na Sakaba kuma Dirin Daji. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, wato RUWASSA, a Birnin Kebbi. Ku rubuta takarda da sa hannun mai gari, ku riƙe kwafinku. Masu sayar da bututu da tankuna a kasuwa su ma sun san masu gyaran famfo.

Duk wanda aka nuna maka, ka ce ya kai ka inda ya taɓa yin aiki, ka ji daga bakin masu wurin. A yi ciniki gaban shaidu, kada a biya duka sai an ga ruwa, kuma ya bar muku tsohon ƙarfen da ya cire.

In kuwa sabuwar rijiyar burtsatse kuke so, ka sani ƙasar Zuru ƙasar duwatsu ce, ruwa a tsagar dutse yake ɓuya. Maƙwabcinka zai samu, kai ka haƙa a banza. Don haka kada a kawo injin sai masana sun yi awon ƙasa, kuma a rubuta wa zai ɗauki asara idan ba a tarar da ruwa ba. Rijiyar hannu kuma a haƙa ta da bazara, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai, a nisanta ta da masai kamar mita 30, a ɗaure bakinta da siminti, a yi mata murfi.

Wani abu kuma, ƙauyen da ake wankin zinariya kusa da shi lalle a kai ruwansa a gwada. Tafasawa ba ta fitar da gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a maƙwabciyarku Zamfara a 2010.

Daga ƙarshe Malam, ku kafa kwamitin ruwa, maza da mata, kowane gida ya riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk ranar kasuwa, ko tiyar dawa bayan girbi. Famfon da ba shi da asusu, ranar da ya tsaya shi ke nan. Kada a ce ba zai yiwu ba: a ƙarshen shekarun 1980 mutum fiye da 600,000 ke fama da kurkunu a ƙasar nan, amma da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da hakan a 2013.

Da fatan ka gamsu. A gaida mana mutanen ƙasar Zuru baki ɗaya, sai mun sake ji daga gare ka.