Sa Naka, Kara Tasa

Ina ɗan shekara goma sha biyu kawuna ya ɗauke ni rakiya zuwa kara. Zai sayar da wani bajimin sa da ya yi wata bakwai yana turke da shi, dusa da harawa safe da yamma. Tun ba mu ƙarasa shiga ba wani dillali ya tare mu, ya karɓe igiyar daga hannuna kamar gadon gidansu, ya ce, "Malam, ka kawo dukiya, je ka huta." Muka samu inuwa muka zauna. Muna hango shi yana jan mahauta gefe ɗaya bayan ɗaya, su yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ce an taya kaza. Kawu ya ce albarka. Ya koma, ya dawo da ɗan ƙari. A zuwa na uku Kawu ya sallama. La'adar da mutumin ya ɗauka ba ta wuce ƙa'ida ba, a gabanmu ya ƙirga ta. Sai a hanyar gida wani maƙwabcinmu ya tambayi nawa aka sayar, da ya ji sai ya riƙe baki. Ashe mahaucin da ya saya yaron dillalin ne, kuma akwai wani falke daga kudu da ya yi ta zagayen san, ba a bari ya matso ba.

Wannan san nake tunawa duk lokacin da na ji masu shafukan intanet suna gardama a kan kuɗin talla.

Asalin sana'ar ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san kasuwa. Mai igiya a bakin kara yake baje kolinsa, mai kayan miya kuma kusa da mahauta, don wanda ya sayi nama ba zai koma gida ba tattasai. Haka tallar da ke bin abin da shafi ya ƙunsa take. Ka rubuta bayani a kan kiwon kaji, na'ura ta karanta, ta liƙa tallar abincin kaji ko maganinsu a gefen rubutun. Mai tallar ya biya, kai mai shafi ka sami rabonka. Kamfanin Google ne ya mayar da wannan babbar harka a 2003, shekarar da ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Applied Semantics, ya kuma buɗe tsarin tallarsa mai suna AdSense ga duk mai shafi, babba da ƙarami.

Shekara bakwai ana cinikin nan masu shafuka ba su san nawa dillali ke cira ba. Sai a watan Mayun 2010 Google ya faɗa: kashi 68 cikin 100 na mai shafi, sauran nasa. Da aka sauya tsarin biya a farkon 2024, aka koma biya bisa yawan nuna talla maimakon yawan latsawa, kamfanin ya ce a dunƙule rabon yana nan wajen 68 ɗin. A ido wannan ba zalunci ba ne. Manomin da zai ba ka gona aro ya bar maka kashi biyu cikin uku na amfani, ai sai godiya. Amma Kawu ma ba a la'ada aka cuce shi ba. Kashi 68 na nawa? Wa ya taya, wa aka hana tayawa, kuma wa ya ji tayin da kunnensa?

Da farko akwai masu jayayya da igiyar. Yahoo ya buɗe nasa tsarin a 2005, masu shafuka suka yi murna, don ko ba ka koma wurinsa ba, ganinsa kawai a kara yakan sa wancan ya gyara zama. Bai yi ƙarko ba, a 2010 ya naɗe tabarmarsa. Microsoft ya taɓa, bai yi nisa ba. Kamfanin Media.net ya ɗauki cinikin tallar Yahoo da Bing na Microsoft daga 2012, har wasu 'yan kasuwar Sin suka saye shi dala miliyan 900 a 2016, amma ga mafi yawan ƙananan shafuka ya zama wurin da ake zuwa in babban dillali ya kore ka. Dalili ɗaya ne: fatake inda shanu suka fi yawa suke zuwa, masu shanu kuma inda fatake suka fi yawa. Wanda ya riga tara jama'a ya gama.

Inda abin ya ɗau zafi shi ne sayen DoubleClick. Google ya sanar da cinikin a 2007 kan dala biliyan 3.1, aka kammala a 2008. DoubleClick shi ne manhajar da manyan jaridu ke amfani da ita a lokacin wajen tsara wace talla za ta fito a wane gurbi, wato turken da ake ɗaure san. A kansa aka gina dandalin gwanjo mai suna AdX, inda ake tayawa a sallama kafin shafi ya gama buɗewa a wayarka. Ta ɗaya gefen kuma miliyoyin masu talla ta hannun Google suke sayen gurbi. Ka ga ke nan mutum ɗaya ne wakilin mai sa, shi ne wakilin mahauci, karar ma tasa ce, kuma a kowace ƙofa yana da la'ada. A dandalin gwanjon kaɗai kashi 20 yake cira, ya fi shekara goma bai sauko ba. Wani ma'aikacin kamfanin da kansa, a wani saƙon cikin gida da gwamnatin Amurka ta kawo a takardar ƙara, ya kwatanta lamarin da a ce babban banki irin Goldman ko Citibank ne ya mallaki kasuwar hannun jari ta New York. Fatake masu kuɗi duk a gidansa suke sauka, in kana so su taya maka sai ka ɗaure a turkensa.

Masu shafuka ba su zauna ba. Wajejen 2015 wata dabara ta bazu a tsakaninsu: a saka 'yar manhaja a saman shafi, ta kira dandalolin gwanjo da dama a lokaci guda, kowa ya faɗi tayinsa kafin a kai ga turken Google. Kamar dai Kawu ya riƙe igiyarsa da kansa ya ce kowa ya taya da ƙarfi a ji. Kuɗin shiga ya tashi ga da yawa daga cikinsu, rubutun bai sauya ba, masu karatu ba su ƙaru ba, bakunan tayi ne kawai suka yawaita. Ni a ganina babu hujjar da ta fi wannan nuna cewa da can ana sallamawa a ƙasa da ƙima. Sai dai dillali yana da sauran dabara: dandalinsa ne ke jin tayin kowa a ƙarshe, sai ya ɗora kwabo ɗaya a kai ya ɗauke. A 2019 ya bar wannan, amma ya zo da wata ƙa'ida da ta hana mai shafi tsauwala wa dandalin Google farashi fiye da na sauran. Da, mai sa yana iya cewa, "Kai dai ba zan sallama maka ba sai ka fi kowa da kaza." Aka rufe wannan bakin.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin ciwon. A babin ciniki an hana tare masu kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa, don baƙauye bai san farashi ba tukuna.

Jaridar Guardian ta Ingila ta yi wani gwaji a 2016 da ya ba ni dariya: ta sayi gurbin talla a shafinta na kanta don ta ga nawa zai dawo mata. A wasu lokutan, cikin fam ɗaya kwabo talatin kacal ya iso. A 2020 ƙungiyar masu talla ta ƙasar, ISBA, ta sa kamfanin PwC ya bi sawun kuɗin, aka tarar kashi 51 ne ke kaiwa ga masu shafuka, kashi 15 kuwa an rasa aljihun da ya shiga. Ba Google kaɗai ke cin wannan tsakanin ba, 'yan kamasho ne jere, kowa da wuƙarsa.

Hukumomi sun farka, amma a makare. Faransa ta ci tarar kamfanin yuro miliyan 220 a 2021. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kai ƙara a Janairun 2023, a Afrilun 2025 mai shari'a Leonie Brinkema a jihar Virginia ta yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba a turken da kuma dandalin gwanjon, ko da yake ba ta karɓi duka zargin ba. A Satumban shekarar Tarayyar Turai ta ɗora tarar yuro biliyan 2.95. Kamfanin bai yarda ba, hujjarsa ita ce masu shafuka da ƙafarsu suke zuwa don kayan aikinsa sun fi sauƙi da inganci.

A nan dole in yi masa adalci. Yaron da ke rubutu a ɗakinsa a Zariya ba shi da hanyar da zai san mai sayar da waya a Dubai, balle ya bi shi bashi. Dillalin ne ke haɗa su, kuma in kuɗinka ya kai dala 100 yana biya, ba ka dawo gobe. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma mu namu san ma ba kowane ake bari ya shiga kara ba. A jerin harsunan da AdSense ya amince da su akwai Larabci da Hindi da Urdu, babu Hausa. Shi ya sa za ka ga matashi mai zaƙin alƙalami da Hausa ya koma haɗa Turancin dole, yana farautar mai karatu daga Amurka, don idon wancan ya fi na ɗan Kano tsada a wurin masu talla. Da akwai dillalai biyar masu ƙarfi ɗaya, da wani cikinsu yunwa ta kore shi ya zo neman shafukan Hausa.

Shekarar da ta biyo bayan cinikin san nan, Kawu bai koma karar garinmu ba. Ya ɗauki shatar mota ya kai sansa wata kasuwa mai nisa, inda dillalai uku suka yi ta fizgar igiyar har hular ɗaya ta faɗi a cikin kashin shanu. An taya da ƙarfi, kowa na ji, ya kuma sayar da daraja. Da muka zauna lissafi da dare, kuɗin mota da na masu lodi sun cinye rabin abin da ya ƙaru.