Maraƙi mara lafiya: yaushe za a ci gaba da jinya, yaushe za a sa wuƙa?

Daga rugagen Adamawa ta Kamaru zuwa makiyayar kudancin Chadi, ba ƙaramin abu ke sa makiyayi ya yanka maraƙi ba. Shanunmu masu tozo sau da yawa ba sa sakin nono sai ɗansu na kusa, don haka rasa maraƙi rasa nonon gida ne na watanni. Shi ya sa wasu ke jan jinya har dabbar ta mutu mushe, a yi biyu babu.

Ga maraƙin da akwai sauran fata a kansa, alama ta farko ita ce tsotso. A sa masa yatsa mai tsabta a baki. Idan ya tsotsa da ƙarfi, kuma yana ɗaga kai, ko da zawo ya kayar da shi, ruwan gishiri da sukari tare da nonon uwarsa na iya tashe shi. A kuma ja fatar wuyansa a saki. Idan ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinsa. Idan ta tsaya fiye da daƙiƙa 5, idanu sun faɗa, sai ƙarin ruwa ta jijiya a hannun likitan dabbobi. Zafin jikin lafiyayyen maraƙi yana tsakanin digiri 38.5 da 39.5. Wanda ya sauka ƙasa da 38, baki da ƙafafu sun yi sanyi, yana cikin haɗari.

Karaya ma iri-iri ce. Ta ƙasan gwiwa, idan fata ba ta fashe ba, takan ɗoru, domin ƙashin maraƙi na saurin haɗewa. Amma karayar cinya, ko ta ƙashin baya, ko wadda ƙashi ya huda fata, da wuya ta warke a ruga.

Lokacin haƙura ya yi idan maraƙi ya kwana ya wuni a kwance ta gefe duk da magani, ya daina tsotso, yana cizon haƙora saboda zafi; ko ciwon cibiya ya bi jini ya kumbura gaɓoɓi da yawa har ya kasa tsayuwa; ko ciwon huhu ya sa yana numfashi baki buɗe bayan an gama allurai. Daga nan jinkiri azaba ce kawai.

Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa dabbar da aka yanke ƙauna daga rayuwarta tana halatta idan aka yanka ta kuma ta yi motsi mai ƙarfi. Sun kuma yarda a yanka wadda ba za a ci ba domin a hutar da ita. A wasa wuƙa sosai, a yanka a inda take kwance, kada a ja ta a ƙasa ko a ɗora ta a babur zuwa kasuwa.

Sai dai ba kowane yanka ke ba da naman ci ba. Allurar oxytetracycline mai dogon aiki kan ɗauki mako 3 zuwa 4 kafin ta bar jiki, kuma adadin kwanakin na rubuce a jikin kwalba. Naman da aka yanka kafin wa'adin ba na tukunya ba ne, balle na tiren mahauci.

Akwai kuma inda ba a sa wuƙa ko kaɗan. Idan ana zargin ciwon saifa, wato dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci ko dubura, jinin da ya zuba zai bar ƙwayar cutar a ƙasa shekaru masu yawa, kuma tana kama mutum. A watan Yunin 2023, ɓullar cutar a yankin Upper East na Gana ta sa hukumomi hana yanka da safarar shanu, tumaki da awaki na wata guda. Haka maraƙin da kare ya ciza, ya koma dalalar da miyau da kuka ba tsayawa: kada a sa masa hannu a baki. A killace shi, a kira jami'in dabbobi. Gawar da ake zargi da saifa ba a feɗe ta. A ƙone ta ko a binne a rami mai zurfin mita 2.

Hanyar rage irin wannan asara tana farawa tun ranar haihuwa: dakashi cikin awa 6 na farko, wanke cibiya da aidin, da rigakafin garke. Cibiyoyin LANAVET a Garwa da LABOCEL a Yamai na haɗa alluran rigakafin dabbobi, kuma ofishin kiwo mafi kusa ne zai faɗi lokacin zagayen bana.