Sayen Motar Tsere Ta Hannu: Yadda Waya Za Ta Tona Gaskiyar Kilomita Da Garanti

A shafukan Jiji da Facebook, da guruf-guruf na WhatsApp na masu sayar da motoci, akwai kalaman da kan ruɗi matasa: mota Beljiyam, kilomita kaɗan, ba a taɓa buɗe injinta ba, kuma akwai garanti. Idan motar irin mai ƙofa biyu ce mai gudu, kamar Ford Mustang, Chevrolet Camaro ko Toyota 86, sai zumuɗi ya hana mutum yin tambaya.

Matashin da ke zaune a Wanke, Tsafe ko Bunguɗu yana da ƙarin dalilin yin taka-tsantsan. Yawancin irin waɗannan motoci a Legas, Abuja, Kaduna ko Kano ake samunsu. Idan matsala ta fito bayan an iso Zamfara, mayar da motar ga dillali tafiya ce mai cin kuɗi da lokaci. Saboda haka binciken duk kafin biyan kuɗi ake yinsa, kuma babban kaso nasa da waya za a iya gamawa.

Me ake nufi da kilomita kaɗan?

Abu na farko shi ne sanin ma'aunin da agogon motar ke amfani da shi. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke lissafi, na Turai da Kanada kuma da kilomita, ban da na Ingila. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Motar da ke nuna 60,000 a mil ta yi tafiyar kusan kilomita 96,500 ke nan, ko da dillali ya ce "dubu sittin ce kawai".

A Amurka, motar hawa ta yau da kullum kan ci tsakanin mil 10,000 zuwa 15,000 a shekara. Motar da ta shekara goma amma tana nuna mil 30,000, mil 3,000 ke nan take yi a shekara. A motar tsere hakan na iya zama gaskiya, domin wasu masu ita ba sa hawanta sai ƙarshen mako, kuma sukan kulle ta a gareji lokacin ƙanƙara. Haka nan yana iya zama an juya agogon. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa sama da motoci 450,000 ake sayarwa duk shekara a ƙasar da lissafin tafiya na ƙarya. Agogon lantarki bai hana wannan ba, domin da ƙaramar na'ura da kwamfuta ake sauya lambar cikin mintuna.

Ko da lissafin gaskiya ne, doguwar ajiya ma tana da nata lahanin. Robobin inji kan bushe su fara yoyo, batir ya mutu, man birki ya tsufa, tayoyi su tsattsage alhali zanensu na nan sabo.

Lambar shasi ita ce katin shaidar mota

Tun daga 1981, motocin da ake sayarwa a Amurka suna ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 da ake kira VIN, wadda a gareji aka fi sani da lambar shasi. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Babu harafin I, O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0.

Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1, 4 da 5 Amurka ce, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus, K kuma Koriya ta Kudu. A motocin kasuwar Amurka, na goma yana nuna shekarar samfurin: A na nufin 2010, D 2013, F 2015, J 2018, L kuma 2020. Wannan na da amfani, domin ana sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba ta koma kamar ta bayan shekara huɗu ko biyar, a sayar da ita da kuɗin sabuwa.

Mai saye ya nemi dillali ya turo masa hoton lambar a wuraren nan biyu. Daga nan sai matakai uku:

1. A rubuta lambar a Google. Motocin da suka bi ta gwanjon Copart ko IAAI sukan bar hotunansu a intanet, da lissafin agogonsu a ranar gwanjo, da irin ɓarnar da suka yi. Idan hoton gwanjo ya nuna mil 110,000 amma yau motar tana nuna 48,000, magana ta ƙare.

2. A sayi rahoton Carfax ko AutoCheck. Rahoton kan jero lissafin tafiya da aka rubuta a lokutan sabis da sabunta takardu, da haɗarin da aka kai rahotonsa. Mai saye ya ciro da kansa, domin rahoton da dillali ya turo a matsayin hoto ko PDF ana iya gyara shi.

3. A saka lambar a shafin NHTSA, kyauta ne, don ganin ko kamfani ya taɓa kiran motar gyara ba a kai ta ba. Misali, a 2018 an kira Subaru BRZ da Scion FR-S samfurin 2013 saboda sifirin bawul ɗin inji da ke iya karyewa. Akwai kuma jakar iska ta kamfanin Takata da aka sa wa miliyoyin motoci, wadda zafi da laima ke sa ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe.

Kalma biyu ne za a fi sa wa ido a rahoto. Ta farko ita ce wadda ke nuna kamfanin inshora ya yanke cewa gyaran motar bai cancanci kuɗinsa ba. Ta biyu ita ce ambaliya. Guguwar Harvey ta 2017 kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi lafiya lau yau, bayan wata shida wayoyinta su fara tsatsa, fitilu da kwamfutocinta su dinga rikicewa ɗaya bayan ɗaya.

Na'urar OBD da manhajar waya

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD-II. Ana soka mata ƙaramar na'ura irin ELM327, a haɗa da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su nemi samfurin Wi-Fi ko Bluetooth LE, domin tsohon samfurin Bluetooth ba ya haɗuwa da ita. A sauke manhajar a gwada ta tun a gida, don aikin karanta motar ba ya buƙatar data.

Manhajar za ta nuna lambobin matsala. P0300 na nufin inji yana tsallake wuta. P0700 na nuni ga matsala a ɓangaren giya. P0420 kuma yana nuna matattarar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ta lalace ko an cire ta. Ana cire ta ne saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki.

Dillali mai wayo kan goge lambobin kafin mai saye ya iso, amma gogewar tana barin sawu. Kwamfutar motar tana lissafa kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe, kuma gwaje-gwajen da take yi wa kanta za su nuna ba su kammala ba. Cire batir ma na iya jawo haka. Ko wane ne dalilin, a tuƙa motar na tsawon lokaci har inji ya yi zafi sosai, sannan a sake karantawa. A kuma lura da fitilar gargaɗin inji: dole ta kama idan an murza makulli, ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an kashe ta da gangan.

Na'urar mai araha inji kawai take karantawa sosai. Jakar iska, birkin ABS da kwamfutar giya suna buƙatar babbar na'ura irin ta Launch ko Autel, wadda ake samu wurin masu gyaran wayar mota. Wasu motocin suna ajiye lissafin tafiya a kwamfuta fiye da ɗaya, kuma mai juya agogo kan manta da sauran.

Ido ma yana da aikinsa. Motar da ta yi kilomita 40,000 bai kamata a ga robar birki da totur ta side ba, ko fatar sitiyari ta goge, ko kujerar direba ta lotsa. A gefen kowace taya akwai lambar DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Garanti iri uku

Na farko shi ne garantin kamfanin da ya ƙera motar. A Amurka, Toyota na ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, duk wanda ya riga cika. Ma'ana, motar 2016 mai mil 20,000 garantinta ya ƙare tuni, domin shekarun sun cika. Hyundai da Kia suna tallata shekara 10 ko mil 100,000, amma wannan na mai saye na farko ne, na biyu shekara 5 ko mil 60,000 yake samu. Bayan haka, garantin yawanci na yankin da aka sayar da motar ne, kuma yana faɗuwa idan inshora ta riga ta yanke wa motar hukuncin lalacewa. Takardar ƙarin garanti da mai motar na farko ya saya a can ita ma ba ta aiki a garejin Gusau. Inda garantin kamfani ke da tasiri shi ne motar da aka saya sabuwa a Najeriya ta hannun wakili, kamar Toyota Nigeria Limited ko Coscharis Motors. A nan ma sai an tuntuɓi wakilin da lambar shasi, an tabbatar an yi sabis a kan lokaci kuma garantin zai bi sabon mai ita.

Na biyu shi ne garantin dillali. Idan na baka ne, kamar "in ta ba da matsala ka dawo da ita", to darajarsa ta tsaya ga amanar mai faɗar. Na rubuce shi ne abin dubawa, kuma dole takardar ta amsa waɗannan:

- Wane sashe ya shafa: inji da giya kaɗai, ko har da turbo, kwamfuta da na'urar sanyaya ɗaki?
- Kwana nawa ne ko kilomita nawa?
- Wa zai biya kuɗin kaya, wa zai biya kuɗin aiki?
- A wane gareji za a yi gyaran, kuma wa zai biya ɗauko motar daga Zamfara?
- Me ke soke shi? Sau da yawa taɓa motar a wani gareji ko zafin inji na cikin sharuɗɗan.

A sa lambar shasi da lissafin agogo na ranar ciniki a takardar, da sa hannun shaidu. Idan rigima ta taso, wannan takarda ce hujja a kotu ko a gaban hukumar kare masu saye ta FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa.

Na uku shi ne mutum ya zama garantin kansa, wato ya nemi ragi ya ajiye kuɗin gyara. A ɗauka, a matsayin misali, mota ɗaya naira miliyan 18 ce da garantin wata uku a Legas, wata irinta kuma miliyan 16.5 ba garanti. Bambancin miliyan 1.5 shi ne kuɗin garantin, wato naira 500,000 a kowane wata. Idan sharaɗin shi ne sai an kai motar Legas, kuɗin ɗaukarta zuwa da dawowa zai ci babban kaso na amfanin. Idan motar mai araha ta tsallake binciken shasi, na OBD da na makanike, ajiye miliyan 1.5 ɗin ya fi. Idan kuwa dillalin a Kaduna ko Kano yake, takardarsa ta haɗa da giya, kuma motar mai turbo ce da kayanta ke da tsada, garantin na iya biyan kuɗinsa.

Inshora daban take da garanti. Ta dole, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya. Cikakkiyar inshora ko takaful tana rufe haɗari, gobara da sata, amma ba ta biyan injin da ya buga don kansa.

Takardu da hanyar gida

A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma jami'an kwastam kan tare mota a hanya su nemi shaidar biyan haraji. A 2022 hukumar ta fara ƙiyasta harajin da lambar shasi. Dole lambar da ke takardar kwastam ta yi daidai da ta jikin mota, harafi da harafi, kuma a tabbatar da takardar a ofishin kwastam kafin biya. Idan motar ta riga ta yi rajista a Najeriya, ana duba lambarta a shafin NVIS na hukumar FRSC.

Sai kuma tambayar ko motar ta dace da inda za ta zauna. Tsakanin cikin Toyota 86 da ƙasa bai wuce santimita 13 ba. A kwaltar Gusau zuwa Tsafe ko Bunguɗu za ta iya, amma hanyar ƙauye da damina, da ramuka da tudun rage gudu, suna iya fasa mata tukunyar baƙin mai, kuma babu garantin da ke biyan wannan. Yawancin irin waɗannan injina an tsara su ne don fetur mai ƙarfin oktan sama da na yau da kullum, alhali gidajen mai a nan iri ɗaya suke sayarwa. Mustang ko Camaro mai silinda 8 kuma shan manta ba wasa ba ne, musamman tun cire tallafi a Mayun 2023. Ga kuma halin tsaro a hanyoyin jihar, inda mota mai ɗaukar ido ke jawo hankalin da ba a so, lalacewa a daji kuma ta wuce maganar kuɗin gyara.

Kafin a ba da kafin alƙalami, mai saye ya je da makaniken da shi ya ɗauko, ba na dillali ba, ya kuma tambayi masu kayan gyara a Gusau ko suna da fulogi, birki da matatar mai na wannan samfurin. Idan amsar ita ce sai an yi oda daga Legas, ya sa kuɗin da kwanakin jiran a cikin farashin motar tun yanzu.