Taƙama da Jini a Baki: Yadda Sabon Salon Hawa Ke Cin Dawakin Dutse

A da, doki a ƙasar Dutse yana da ranakun fitowarsa: sallah ƙarama, sallah babba, naɗin sarauta, ko zuwan babban baƙo. Sauran kwanakin shekara yana turke, ana ba shi harawa da dusa da kanwa, ana fita da shi kilisa da sanyin la'asar. Yau ranakun sun yawaita. Akwai hawan angwanci, akwai rakiyar 'yan siyasa, akwai kilisar samari ta ƙarshen mako, kuma a kowanne akwai wayoyi a sama suna ɗauka. Kafin a sauke sirdi hoton ya isa TikTok da Facebook. Ta haka aka samu gasar da ba ta da alƙali, ba ta da ƙa'ida, kuma ba ta ƙarewa: wane ne dokinsa ya fi lanƙwasa wuya, wane ne nasa ya fi rawa, wane ne ya fi iya tsayar da shi cak daga tsakiyar sukuwa.

Abin da ya dame ni shi ne, yawancin abubuwan da 'yan kallo ke yi wa sowa alamomin ciwo ne. Haɓar da ta manne da ƙirji, bakin da ke buɗe yana taunar ƙarfe, jelar da ke kaɗawa ba don ƙuda ba, miƙewa a kan ƙafafun baya sau biyar cikin ɗan taƙi, duk ana iya samunsu daga doki mai horo, amma an fi saurin samunsu daga dokin da ake azabtarwa. Daga nesa, ko a cikin hoton daƙiƙa 30, ba mai bambance su.

Sai an ɗaga leɓen dokin za a gane. Tsakanin haƙoransa na gaba da matauna akwai fili da babu haƙori, dasashi ne kawai siriri a kan ƙashi, nan linzami ke zama. Linzaminmu na gargajiya yana da wani harshen ƙarfe da ke shiga can cikin baki, da zobe da ke zagaye muƙamuƙin ƙasa. Idan mahayi ya ja, harshen ya tokari ganɗa, zoben ya matse haɓa, ƙarfen kuma ya danne dasashi, duk a lokaci guda. Dogayen hannuwan linzamin suna ninka ƙarfin jan, ta yadda ɗan motsin yatsa ya isa. Wanda ya fizga da dukkan ƙarfin damtsensa kuwa, sai ka tarar da dasashi ya tsage, harshe ya yanke, kumfar bakin ta koma ja. Ƙari a kan haka, doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai yake yi. Idan aka naɗe wuyansa har haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar iska ta ƙuntata, ga shi kuma ana neman ya yi gudu.

Wannan linzami ba don mugunta aka ƙera shi ba. Kayan yaƙi ne. A ƙarni na 19, lokacin da garuruwan Dutse da Birnin Kudu da Gwaram ke fuskantar hare-haren Ningawa, barde yana riƙe da mashi ko takobi a hannu ɗaya, da ɗaya hannun yake sarrafa doki, kuma ransa ya dogara ga dokin ya juya ko ya tsaya nan take. Jahin da ake yi a gaban Sarki ragowar wannan fasaha ce. Amma barden ya tashi tare da dokinsa, ya san bakinsa, ya san ranar da yake jin ƙarfi da ranar da ba ya ji. Kaifin ƙarfen yana nan, hannun ne mai sauƙi. Abin da ya faru a zamaninmu shi ne mun gaji ƙarfen, hannun kuma yana ɓacewa.

Babban dalilin ɓacewarsa shi ne rabuwar mai doki da mahayi. Riƙe doki ya yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin hatsi da dusa da sufuri ya tashi, kuma doki ba ya cin alkawari, kullum sai an zuba masa. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya ɗore har zuwa Maris na 2024, ya taɓa kasuwar Maigatari, inda dabbobin ƙetare ke shigowa kowace Alhamis. Mai doki da ba shi da gonar da za ta ciyar da bargarsa ba shi da wata mafita sai haya. Shi kuma saurayin da ya karɓi dokin na yini ɗaya ya biya kuɗinsa, abokansa na jira da waya, ba kuma shi zai kwana da ɗingishin ba. Mai doki ya koma kuturi, yana kallo ana sukuwa da jarinsa. A ranakun da buƙata ta yi yawa, doki ɗaya zai iya fita da mahayi fiye da ɗaya, kowanne da irin fizgarsa.

Horo ma ya gajarce. Taƙama ta gaskiya, wato tafiyar nan mai laushi da doki ke ɗaga ƙafa cikin tsari mahayi yana zaune ba jijjiga, aikin watanni ce. Tsofaffin masu barga suna farawa da ragama, su saba wa ɗan dukushi da murya da matsin gwiwa, linzami sai daga baya. Kuma ba kowane doki ke da ita a jini ba. A shekarar 2012 masana a Jami'ar Ufsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa irin waɗannan tafiye-tafiye na musamman suna da alaƙa da sauyi a wata ƙwayar gado guda ɗaya, abin da ke nufin wani dokin an haife shi da ita, wani kuwa ko an kashe shi ba zai yi ba. Dillalin da ke son juya kuɗinsa kafin sallah ba shi da watanni. Sai ya nemi gajeriyar hanya: a ɗaure kan dokin a lanƙwashe na tsawon sa'o'i a turke, a riƙa dukan ƙafafunsa da tsumagiya ana kiɗa har ya koyi ɗaga su don tsoro, a danna ƙaimi gaba a ja linzami baya a lokaci guda. Dokin da aka hana gaba aka hana baya ba shi da inda zai kai ƙarfinsa sai sama da ƙasa, wannan ne kuma mutane da yawa ke kira rawa. Sau da yawa ma dokin bai gama girma ba, domin ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara biyar zuwa shida.

Gari ma ya sauya a ƙarƙashin kofato. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991 kwalta ke cin hanyoyin da a da rairayi ne. Dawakinmu galibi ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma kofaton da ya dace da jigawa yana zamewa a kan kwalta, yana cinyewa, tsayawar gaggawa kuma tana bugun gwiwa da jijiyoyin ƙafa kai tsaye.

Sai zafi. A 'yan shekarun nan sallah ƙarama tana faɗowa a bazara: 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025, lokacin da zafin Jigawa kan kai digiri 40 ko ya wuce. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 na ruwa a yini ko ba ya aikin komai, idan kuma yana aiki mai ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da gumin da ya haura lita 10 a sa'a guda. A irin wannan rana ake ɗora masa zubka da sirdi mai nauyi da jalala da kalfazuru, a hau da manyan riguna da alkyabba, a tsaya sa'o'i ana jiran layi ya motsa. Ma'aunin da likitocin dabbobi suka fi ambata shi ne kada kayan da ke bayan doki su wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan kilo 70 ne rabonsa, har da sirdi. Duk wanda ya taɓa ɗaga sirdin hawan sallah da hannunsa ya san lissafin ba ya fita. Sannan akwai al'adar ɗura wa doki gero ko dawa gab da sallah don ya yi ƙiba da zafin rai. Doki ba ya amai. Hatsin da ya yi masa yawa farat ɗaya yana jawo ciwon ciki mai kisa, ko kumburin cikin kofato da ke nakasa shi har abada.

Sakamakon yana bayyana ne bayan an watse. Washegarin hawa, idan aka cire zubka, ana ganin gyambo a gadon baya da inda majayi ya goge fata, da tabon ƙaimi da gefen likkafa a haƙarƙari. Dokin da bakinsa ya ji rauni yana ƙin ci, ya rame. Idan raunin ya warke da tabo, bakin ya mutu, ba ya jin ƙaramin ja, sai a nemo linzamin da ya fi na da kaifi, haka abin ke ta hauhawa har a ce dokin ya yi taurin kai a kai shi kasuwa a karyar. Asarar ta mai doki ce da farko. Amma ta kai ga jama'a, domin dokin da ke cikin azaba shi ne ke kwasa da gudu cikin taro, ya tattake yaro ko ya kayar da mahayi a kan kwalta. Duk lokacin da hakan ta faru ana zargin gangancin samari, ba kasafai ake duba bakin dokin ba.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan rami. A jihar Tenesi ta Amurka akwai wani irin doki da ake gasar tafiyarsa, babban bikinsa ana yinsa a garin Shelbibil tun 1939. Da alƙalai suka fara fifita dokin da ya fi ɗaga ƙafafun gaba, masu horo suka koma shafa sinadarai masu ƙuna a ƙafafun, su ɗaura sarƙa a kai, su sa takalma masu tudu, don dokin ya riƙa fizge ƙafa saboda zafi. Majalisar Amurka ta haramta wannan da doka a 1970, amma fiye da shekara 50 bayan nan ana ta kama masu yi, domin kofin yana zuwa ga tafiyar da azaba ke samarwa. A Aislan kuwa, da binciken likitoci ya nuna raunukan baki a dawakin gasa yana da alaƙa da wani nau'in linzami mai tudu a tsakiya, sai aka hana shiga gasa da shi a 2014, ana kuma duba bakin doki a wurin gasar. Bambancin ƙasashen biyu a wurina shi ne, ɗaya ta hukunta hanya ta bar lada a inda yake, ɗayar ta taɓa abin da ake shiga fili da shi.

Ba zan ce komai na wannan sabon yayi sharri ne ba. Kuɗin haya ne ke riƙe da bargogi da dama da da tuni sun rufe. Dukawa masu ɗinkin kayan doki, maƙera, masu sayar da harawa a Shuwarin da sauran kasuwannin ƙauye, yaran barga, duk suna ci daga nan. Samarin da ke kwana suna mafarkin doki su ne za su riƙe hawan sallah nan da shekara 20, kuma gara su so doki da su manta da shi. Zamanin da ma bai kuɓuta ba, an yi lalas da ƙarfe mai zafi da sunan magani, an yi ɗaurin turke mai cin ƙafa. Kuma ba kowace kumfa ce alamar wahala ba, doki mai natsuwa yana ɗan tauna linzami ya yi farar kumfa kaɗan. Saboda haka hana hawa ba magani ba ne, zai kashe sana'o'i ya bar dawakin da yunwa.

Inda nake ganin ƙarfin gyara yake shi ne fada. Dokar Penal Code ta Arewa tana da sashen da ya haramta zaluntar dabba, malamai kuma sun sha karantar da cewa Musulunci ya hana dukan dabba a fuska da ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, amma ba ɗan sanda ko limami ke tsara layin hawa ba. Masarautar Dutse, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Hameem Nuhu Sanusi wanda ya gaji mahaifinsa a 2023, ita ke da hakiman ƙananan hukumomi bakwai: Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Jahun da Miga. Kowane hakimi yana zuwa fada a Garu da tawagarsa, kuma abin da aka yaba a hawan sallah da hawan bariki shi samari ke kwaikwaya a unguwa. Tun da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, idon baƙi ya ƙaru a kan duk wani hawa na ƙasar Hausa, kuma baƙon da ya san doki bakin yake fara kallo.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Likitan dabbobi da wani dattijon barga su tsaya a inda tawagogi ke taruwa, su ɗaga leɓe, su sa hannu a ƙarƙashin zubka, su sa a taka dokin taku goma. Wanda aka samu da jini, ko gyambo, ko ɗingishi, ya koma turke, ko na wane ne. A ajiye randunan ruwa a wuraren jira. Idan za a ba da kyautar tawagar da ta fi kyau, lafiyar dawaki ta shiga cikin maki, a kuma yi shelar hakan a lasifika yadda 'yan kallo za su ji. Maƙeran da ke ƙera linzami a kira su a yi magana da su a kan rage tsawon harshen da goge kaifinsa.

Hawan angwanci da kilisar unguwa sun fi wuyar kamawa, domin ba sa bi ta ƙofar fada. A nan masu ba da haya ne ke da ta cewa, kuma su ne suka fi kowa asara idan doki ya lalace. Idan suka haɗa kai a kan cewa doki ba ya fita sai da ɗan barga a gefensa, ba ya fita sau biyu a yini, ba a sukuwa da shi a kan kwalta, kuma wanda ya dawo da shi da rauni zai biya kuɗin magani, dagatai da masu unguwanni suna da ikon tsaya musu a kai.