Kafin ka ɗaura wa mota igiya

Mota ta mutu a kan hanya, janwe na da tsada, sai a samu mai taimako ya ce a kawo igiya. Daga nan ɓarnar kan fara, domin yawanci duk ƙarfen da hannu ya taɓa a ƙarƙashin mota shi ake ɗaura wa.

Bamban motocin yanzu roba ce, fizga ɗaya za ta cire ta. Tayarod da ƙarafan da ke riƙe da taya kuwa ba a yi su don ja ba. Idan suka lanƙwashe sitiyari ya karkace, kuɗin gyara ya ninka na janwen da aka guda. Masu ƙera mota sun tanadi wurin ja. A tsofaffin motoci zobe ne a manne da gangar jiki ta ƙasa. A sababbi akwai ɗan murfi a jikin bamba, ka ɓalle shi, ka ɗauko ƙarfe mai zobe da ke tare da jak a but, ka murza har ƙarshe. A motocin Volkswagen da dama hagu ake murzawa. Wanda ya sayi 'yar Kwatano ya duba tun yau, sau da yawa ƙarfen ya ɓace kafin motar ta iso hannunsa.

Igiyar guga ko ta ɗaure buhuna ba ta wannan aiki. Sarƙa kuma ba ta miƙewa, duk fizga a jikin motar take sauka. A nemi igiyar ja mai tsawon mita 4 zuwa 5. In babu ƙugiya, a zura ta cikin zoben a yi ƙullin da ba ya zargewa, don zarge idan ya sha nauyi sai wuƙa. A ɗaura jan ƙyalle a tsakiya, saboda ɗan acaɓa da ya ga sarari tsakanin motoci biyu zai kutsa. Kada kowa ya tsaya kusa lokacin tashi, igiyar da ta tsinke da ƙugiya a bakinta tana iya kisa.

Aikin direban baya ya fi wuya, don haka ba yaron mota ake ba wa ba. Ya kunna makulli don kada sitiyari ya kulle, ya sa giya a firi, ya sauke birkin hannu. Ya kuma sani tunda inji a kashe yake, birki zai yi tauri, sitiyari zai yi nauyi, sai ya taka da ƙarfi kuma da wuri. Shi ne zai riƙa taɓa birki don igiya ta zauna a miƙe. Na gaba ya tashi a hankali, kada ya wuce kilomita 25 zuwa 30 a awa.

Mota otomatik daban take. Inji ne ke juya famfon man giyabos ɗinta, in aka ja ta da nisa a kashe giyabos zai ci kansa. A duba littafin motar, in babu shi a kira janwe.