Shinge Mai Rai a Gaɓar Gulbin Sakkwato

Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga yankin Funtuwa ya ratsa Gusau da Bunguɗu a Zamfara kafin ya faɗa madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, kogi ne da kamanninsa ke sauyawa da kowane juyin shekara. Ruwan saman da yankin Gusau ke samu, kimanin milimita 900 a shekara, kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, saboda haka a lokacin marka, wato tsakiyar damina da sama ke yini tana zuba, gulbin kan cika ya tumbatsa, har ya taɓa ɓalle madatsar ruwan Gusau a ƙarshen Satumbar 2006. Da rani kuwa sai ya janye ya bar yashi da 'yan kududdufai, masu lambu su gangaro fadama da injinan ban-ruwa su shuka albasa da tumatir da latas.

Wannan janyewar ruwa ita ke haifar da buƙatar shinge, domin a daidai lokacin da lambu ya zama shi kaɗai ne kore a faɗin karkara, a lokacin ne ake sakin dabbobi su yi kiwo a gonakin da aka girbe. Darnin kara ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu gara da iska sun gama da shi, shi ya sa manoma tun kaka da kakanni suka koma ga shinge mai rai, wato jerin itatuwan da ake dasawa kusa da kusa ta hanyar kafa rassansu a ƙasa, su yi saiwa su ci gaba da girma a matsayin katanga. Waɗanda aka fi amfani da su su ne bini-da-zugu, wanda ganyensa da 'ya'yansa ke da gubar da ke hana awaki kusantarsa, da aguwa mai farin ruwa kamar nono, wadda aka saba gani a gefen burtali, wato hanyar da aka keɓe wa shanu tsakanin gonaki, sai dashi mai ƙaya da ararraɓi, waɗanda suka fi jin daɗin ƙasar tudu mai duwatsu irin ta Tsafe da Kwatarkwashi.

Gwanintar aikin tana ga sanin lokaci. Ana saran rassan ne da bazara, sa'ad da itacen ya kaɗe ganye ya tattara ruwansa a jiki, a jingine su a inuwa 'yan kwanaki bakin saran ya bushe, sannan a haƙa ramuka a jere a kafa su, a yi musu tanka da kara ko siraran sanduna, a ɗaure da ɓawon kalgo. Wanda ya yi jinkiri har ƙasa ta jiƙe sharkaf yakan tarar gindin sandunan ya ruɓe kafin su yi saiwa. Idan aka dace, ruwan farko na sauka sai ƙananan idanun da ke jikin sandar su fashe da toho, kafin Agusta shingen ya rufe ruf har ba a hango abin da ke ciki. Da hunturu, lokacin da hazo ya turnuƙe gari, ganyen kan zube a bar tsirarun rassa masu launin toka, amma ƙayar dashi da kaifin ruwan aguwa ba sa tafiya tare da ganye, don haka shingen na nan kan aikinsa a watannin da aka fi buƙatarsa. Rassan da aka datse don kada ya yi wa shuka inuwa su ne kuma irin da za a cike gurabe da shi.

A Ingila ana irin wannan gini da wani itacen bakin ruwa mai suna wilo, inda ake kafa ɗanyun tsumagunsa tsakanin Nuwamba da Maris a saƙa su su zama rumfuna a wuraren shaƙatawa, ko a jera su a gaɓar kogi don hana zaizaya. Sai dai wilo ba ya rayuwa sai da danshi, alhali itatuwan shingen Zamfara an zaɓe su ne saboda suna iya shafe watanni bakwai ba ɗigon ruwa. Abin da ya fi kusa da rumfar wilo a nan shi ne ceɗiya da durumi, waɗanda ake kafa reshensu a ƙofar gida ko bakin masallaci, bayan 'yan shekaru ya zama majalisar unguwa.

Yau bulo da waya mai ƙaya suna maye gurbin shingen a lambunan da gari ya cim musu, kuma ba za a ga laifin mai lambu ba, tunda bulo ba ya neman datsa duk shekara. Amma a gaɓar da ruwa ke ci kowace damina, katangar siminti takan zube da zarar ambaliya ta rarake ƙarƙashinta, yayin da saiwar bini-da-zugu ke riƙe ƙasa, kuma ko ruwa ya kwantar da wani sashe, mai lambu zai sari rassa daga sashen da ya tsira ya sake kafawa da bazara mai zuwa ba tare da ya sayi komai ba.