Mata Masu Zaman Kansu a Jamus: Wa Ke Biyan Kuɗin Asibitinsu?



Idan Bahaushe yana son sakaya sunan karuwa sai ya ce mace mai zaman kanta. A Jamus kuwa haka hukuma ke lissafa yawancin masu wannan harka, wato masu sana'ar kansu, kamar tela ko wanzami. Na san magana ce mai nauyi a kunne, addini da al'ada kuma sun yi hani da abin. Amma matan nan 'ya'yan wasu ne, suna ciwo, suna haihuwa, suna tsufa, kuma dole wani ya biya kuɗin maganinsu.

Ranar 1 ga Janairun 2002 wata doka ta fara aiki a Jamus, ta buɗe musu ƙofar shiga inshorar lafiya da fansho kamar sauran ma'aikata. An yi zaton masu gidajen karuwai za su ɗauke su aiki da albashi, su riƙa biyan rabin kuɗin inshora. Hakan bai faru ba sai jefi-jefi. Mai gida ya fi son ya ba da hayar ɗaki ya karɓi kuɗinsa kullum, babu wani nauyi a wuyansa.

To a nan matsalar take. Tun 2009 wajibi ne duk mazaunin Jamus ya kasance da inshorar lafiya. Ma'aikaci da mai gidansa suna raba kuɗin, amma mai sana'ar kanta ita kaɗai za ta ɗauka, kuma a asusun gwamnati mafi ƙarancinsa ya haura Yuro 200 a wata, ko ta samu ciniki ko ba ta samu ba. Idan ta kasa biya, bashi ya hau kanta, a rage mata kulawa zuwa ciwon gaggawa da lalurar ciki da haihuwa. Wadda ta daɗe ba ta shiga ba, ranar da ta zo sai a bi ta bashin baya, shi ya sa da yawa suke ƙin zuwa har sai ciwo ya kayar da su. Fansho kuwa doka ba ta tilasta wa yawancin masu sana'ar kansu ba, mace sai ta kai tsufa ba ta da ko sisi a ajiye.

Haraji ne ba ya jira. A wasu jihohin akwai tsarin da ake kira da sunan birnin Dusseldorf, inda mai gida ke cire wani adadi daga hannun kowace mace duk ranar da ta yi aiki, ya miƙa wa ofishin haraji. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: hukuma ta gano hanyar karɓar rabonta kullum, amma ba ta yi wa lafiyar matan irin wannan dabara ba.

Kuma yawancinsu baƙi ne. Wata doka da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2017 ta wajabta musu yin rajista da zuwa shawarar lafiya duk shekara. A ƙarshen 2023 hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce kimanin 30,600 ne ke da rajista, 'yan Jamus kashi 18 cikin 100 kawai, 'yan Romaniya kashi 36. Mace ta zo wata uku, ta koma gida, ta dawo wani gari, ba ta jin Jamusanci, wani lokaci ɗakin da take aiki shi ne wurin kwananta. Ina za a aika mata wasiƙar inshora? Da annobar korona ta sa aka rufe gidajen a Maris na 2020, tallafin gwamnati sai mai lambar haraji da takardu, wasu suka wayi gari babu ciniki babu makwanci.

Belgiyam ta ɗauki wata hanya: daga 1 ga Disamban 2024 ana iya ba masu wannan sana'a a can kwantiragin aiki mai fansho da hutun haihuwa.

Sai dai duk wannan na mai takardun zama ne. 'Yar wata ƙasa daga wajen Tarayyar Turai ba za ta iya rajista a Jamus ba sai da izinin yin aiki. A nan batun ya taɓa mu, domin cikin waɗanda ke ɓoye akwai 'yan Najeriya da masu safarar mutane suka kai Turai da rantsuwa da bashi mai ɗimbin yawa, irin rantsuwar da Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya warware a Maris na 2018. Irin wannan yarinya sunan zaman kai kawai take ɗauke da shi, kuɗinta na uwar ɗakinta ne. Idan zazzaɓi ya kama ta, tana tsoron asibiti kada a gano ta a mayar da ita gida, sai dai ta nemi ƙungiyoyin agaji da cibiyoyin ba da shawara irin su Hydra ta birnin Berlin, inda ake sauraron mace ba tare da an nemi takardunta ba.